Yadda "Da Sauƙi" Ya Ɓoye Mana Ciwon Umma

"Ku juya ta na ga bayanta. Shi kaɗai nake so."

Haka na dinga faɗa ta jikin gilashin ƙofar, Hanif yana goye a bayana yana tsala kuka, ledar kayan Umma a hannuna. Madam ɗin da ke shugabantar gidan jinyar tana tsaye daga ciki, takunkumi biyu a fuskarta, tana kaɗa min kai.

"Tak boleh," ta ce. Wato ba zai yiwu ba. Ba a shiga, doka ce, tsofaffi ne a ciki, in na kai musu korona fa?

Na ce ai ban ce zan shiga ba. Ku ɗauki waya ku je ɗakinta, ku juya ta, ku haska min na gani.

Ta ce, "Mamanki lafiya take lah. Jiya ma kun yi magana." Wannan "lah" ɗin ado ne a bakinsu, kamar "mana" a namu.

Na zaro zanin daga leda na manna shi a jikin gilashin. Atamfar Umma ce shuɗiya, wadda ta zo da ita daga Kano. A daidai inda mutum yake zama akwai wani tabo mai faɗin faranti, ruwan ƙasa da ɗorawa, ya bushe ya yi tauri. Warinsa yana ratsa takunkumi. Madam ta kalli zanin, ta kalle ni.

Bari na koma baya, don na san waɗanda ba su san mu ba za su ce me ya kai uwar mutum irin wannan wurin tun farko. Ni ma an tambaye ni har na gaji.

Sunana Rahama. A unguwar Pantai Dalam, can ƙasar Malay, muke zaune ni da maigidana, Abban Hanif, shi yana digiri na uku, ni ina gida. Umma ta zo ne wankan jego, haihuwata ta fari. Ta iso da garin kunu, da kanwa, da kuka, da daddawar da sai da muka yi ta rantsuwa a filin jirgi kafin su bar ta. Tikitinta na komawa yana hannu, da an yi arba'in za ta tafi. Haihuwar ta zo da gardama aka yi min aiki. Ba mu kai arba'in ɗin ba aka sa kullen korona, jirage suka tsaya.

Umma tana da hawan jini da suga. Maganin da ta zo da shi na wata biyu ne. Da ta ga yana ƙarewa sai ta fara raba ƙwaya biyu, daga baya ta koma sha yau ta tsallake gobe. Ba ta gaya wa kowa ba. Ga kantin magani a ƙasan gidanmu, a buɗe yake duk da kullen. Da na tambaye ta daga baya cewa ta yi, "Ina ganin ku da ɗawainiya, zan ƙara muku wata?" Ku riƙe wannan halin nata, shi ne labarin gaba ɗaya.

Wata safiya kofin kunu ya suɓuce daga hannunta na hagu. Na ɗago na ga bakinta ya ɗan karkace. Ta ce wai a kan hannun ta kwana. Ta yunƙura za ta tashi ta goge wurin, ƙafar ta ƙi.

Abban Hanif ne ya bi motar asibiti, ni ina da jariri da ɗinki. A tanti suka fara ajiye ta a waje, sai an yi gwajin hanci an ga sakamako. Daga nan aka shiga da ita aka ce ya koma gida, ba mai jinya, ba dubiya. Kwana goma sha shida ban sa ta a ido ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin hagu. Allah ya taimaka magana ba ta tafi ba.

Likitar da ta kira ni ranar da za su sallame ta, wata 'yar Indiya ce mai saurin magana kamar ni. Abin da ta faɗa har yau yana kunnena: "Watanni ukun farko, a nan ake dawo da ƙafa. Abin da ba a samu a nan ba da wuya a same shi daga baya." Ta ce a samu inda za a dinga yi mata gashi kullum. Ta tambaye ni gidanmu hawa na nawa ne. Na ce na huɗu. Akwai lif? Babu. Wa zai ɗaga ta? Ba kowa. Ni ko bokitin ruwa an hana ni ɗauka. Abban Hanif kuwa siriki ne, Umma ko abinci ba ta ci a gabansa, balle ya kai ta banɗaki. Masu zuwa gida su yi gashi duk sun daina saboda kulle.

Ita ta ba ni shawarar gidan jinyar tsofaffi mai sashen gashi.

Da na faɗa a gurup ɗin gida, kai, jama'a. Yayana Auwal daga Kano ya turo saƙon murya na minti bakwai. "Rahama, gidan tsofaffi? Umman? Muna raye? Me za mu ce wa mutane?" Gwaggo ta ce a shafa mata man zaitun da habbatussauda, za ta aiko da rubutu. Ta wace hanya, oho. Kawu ya ce a sako ta a jirgi kawai. Na ce Kawu, wane jirgin? Na yi ta bayani cewa ba yar da ita zan yi ba, wurin gashi ne, wata biyu ko uku ta taka ƙafarta ta fito. Daga ƙarshe Yaya ya ce, "To, ke kike can, ke kika gani. Amana ce dai." Duk da faɗan da ya yi, shi ya turo mafi yawan kuɗin, don kuɗin wata ɗaya a wurin ya fi hayar gidanmu, ga alawus ɗin Abban Hanif bai shigo ba.

Kwana biyu na yi a kan waya ina duba wurare. Kuma wallahi a ganina na yi bincike. Na duba taurarin da mutane suka ba su. Na karanta abin da 'ya'yan tsofaffi suka rubuta. Wanda na zaɓa, Madam da kanta ta zaga da ni ta bidiyo: lambu, ɗan tafki da kifaye, tayil yana ƙyalli, injinan motsa jiki sababbi fil. Na tambaya abinci halal ne? Boleh. Za a nuna mata alƙibla? Boleh. Mata ne ke yi wa mata wanka? Boleh, boleh. Komai ka tambaya boleh ne, wato an iya, ba matsala. Ban tambayi mutum nawa ke aiki a ciki a wannan satin ba. Ban ma san tambaya ce ba.

Tun da Umma ba ta jin Turanci balle Malay, sai na rubuta musu takarda aka manna a kan gadonta: ruwa, abinci, banɗaki, sallah, sanyi, zafi, ciwo. Kowace da fassararta. Na ji daɗin kaina sosai a kan wannan dabarar.

Sati na farko. Kullum bayan la'asar suna kira na ta bidiyo, minti goma. Mai kula da ita wata 'yar Indonesiya ce, ƙarama siririya, zan kira ta Kak Yati, wato Yaya Yati, ba sunanta ba ne. Kafin a kira sai ta gyara wa Umma hijabi, ta goge mata fuska. Daga wuya zuwa sama kawai nake gani.

"Umma ina wuni, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Alhamdulillahi. Ina angon nawa?"

Hanif take nufi. Sai na ɗaga shi, ta yi ta tsokanarsa, wai miji ba cefane sai kuka, za ta sake shi ta nemi mai haƙora. Minti goma ya ƙare.

Rana ta uku Kak Yati ta leƙo da fuskarta tana dariya. Ta ce ai Mak ta fara jin Malay. Mak suke ce wa uwa. Na ce haba? Ta ce eh mana, duk sanda ta tambaye ta "sakit?", wato akwai ciwo, sai Mak ta ce "tak sakit", babu ciwo. Ta juya ta gwada min a gabana. "Mak, sakit?" Umma ta ce, "Da sauƙi."

Ku faɗi biyun da baki ku ji. Tak sakit. Da sauƙi. Su ba sa fitar da harafin ƙarshe, ga bakin Umma ya ɗan yi nauyi. Kusan abu ɗaya kunne yake ji.

Na yi dariya har da hawaye. Na ce mata a'a, Hausa ce, amma ma'anar kusan ɗaya ce lah, tana nufin jiki ya yi dama. Ni da bakina na faɗa. Har na ba da labarin a gurup, kowa ya turo fuskar dariya, Gwaggo ta ce Hajiya za ta dawo da yare.

Ni Bahaushiya, haifaffiyar Kano. Na je dubiya ba adadi. Na tsaya a kan wanda bai kai magariba da rai ba, aka ce yaya jiki ya ce da sauƙi. Na sani sarai cewa wannan kalmar gaisuwa ce, ba ta gaya maka komai game da jikin mutum. Amma ranar na fassara ta kamar rahoton likita, don ita nake son ji.

Sati na biyu ya yi daɗi, ba zan ɓoye alherinsu ba. Suka turo bidiyon Umma a tsaye tsakanin ƙarafa biyu, mai gashi yana riƙe da ƙugunta ta wata ɗamara. Ta tsaya ta kai ƙirga goma. Har ta ja ƙafar hagun ta ɗan matsa gaba. Na kalli bidiyon nan ya fi sau talatin. Yaya Auwal ya rubuto, "Masha Allah. Ƙanwata kin yi dabara." Lokacin an shiga azumi. Nakan tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka na yi tapau, wato na ƙunshe a roba, Abban Hanif ya kai ya ajiye a teburin bakin ƙofa, tun da ta ce faten shinkafarsu kamar ruwan wanke tukunya.

Sati na uku bidiyon gashi ya daina zuwa. Na tambaya, Madam ta ce an killace unguwar mai gashin, amma ma'aikata suna motsa mata ƙafa a kan gado. Wasu ranakun ba Kak Yati ce ke riƙe wayar ba, wani namiji ne ɗan Nepal. In shi ne, Umma sai ta ja hijabi har gira, amsa ɗaya biyu ta ce sai an jima. Na lura ta daina zama a kujera, kullum a kwance rigingine. Na ce Umma yau ba a zaunar da ke ba? Ta ce, "Na gaji ne."

Duk Juma'a suna turo min takardar rahoto. Hawan jini kaza, suga kaza, ta ci abinci rabi. Akwai layin ciwo, daga sifili zuwa goma. Kullum sifili. Ina gani ina hamdala.

Sati na huɗu akwai ranar da ba na mantawa. Suna ɗaga kan gadon don ta gan mu da kyau, sai na ga ta runtse ido ta cije leɓe. Na gani da idona. Leɓen ma a bushe, fuskar ta faɗa. Na ce, "Umma, akwai inda yake miki ciwo ne?" Ta buɗe baki. Daidai nan Abban Hanif ya sunkuyo ta kafaɗata, kamar yadda yake yi kullum don ladabi.

"Umma barka da yamma, yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Malam. Yaya karatu?"

Shi ke nan. Ta ce a miƙo mata ango. Kusan duk kiran da muka yi yana kusa da ni, ga waya a buɗe kowa yana ji, ga wani ƙato riƙe da ita a can. Ta yaya Umma za ta ambaci wurin da ciwon yake? Ko mu biyu ne a ɗaki sai ta yi kwana-kwana.

Sati na biyar aka yi ƙaramar Sallah. Na sa Anti Binta, wata 'yar Kano mai sayar da atamfofi a wajen titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, ta ɗinko wa Umma kala biyu. Na aika, na ce su haɗo min tsofaffin kayanta na canza mata. Ranar Sallah ta fito a waya da sabon ɗankwali, Kak Yati har kwalli ta sa mata. Na ɗauki hoto na tura gida. Duk wanda ya gani ya ce ta yi kyau.

Ledar kayan sai a sati na shida ta iso. Duk a wanke a ninke. A tsakiyarsu akwai wata ƙaramar leda an ƙulle ta tam, zani ɗaya a ciki ba a wanke ba. Shi ne wannan shuɗin. Na ɗauka sakaci ne, har na fara tsaki. Na ɗauki hotonsa na tura wa Anti Binta ina mita, na ce ki ga aikin mutanen nan.

Ko minti ɗaya ba a yi ba ta kira.

"Rahama, wa yake juya ta?"

"Juyawa kamar yaya, Anti?"

"Innalillahi. Ke, wannan ba bayan gida ba ne, ba fitsari ba ne. Ruwan gyambo ne. Na yi jinyar uwar mijina shekara biyu, na san shi ko a mafarki. Mai kwanciya in ba a juya shi bayansa ci yake. Ga ta da suga. Ajiye wayar nan ki tashi ki tafi."

To, kun ji abin da ya kai ni bakin gilashin nan.

Madam ta ce sai ta tambayi mai gidan. Na ce to, na zauna a ƙasa a bakin ƙofar na kwanto Hanif na fara ba shi nono. Na ce ba inda za ni, in sun ƙi zan kira motar asibiti da kaina. Ba ni da wani ƙarfi da ya wuce wannan. Ɗakin Umma yana sama, ina hango tagarsa daga inda nake zaune, ba ni da ikon hawa.

Bayan kamar rabin awa wayata ta yi ƙara. Kak Yati ce. Na miƙa yaron ga Abban Hanif da ya kawo mu, na ce ya koma mota ya rufe ƙofa.

"Umma, za a juya ki na ga bayanki."

"Ke Rahama, kanki ɗaya? A waya? Duniya ta gani?"

"Ni kaɗai ce, Umma. Na ga zaninki."

Ta ce, "Malam fa?"

"Yana mota. Ba ya ji."

"Wancan mutumin fa?"

Na sa Kak Yati ta haska ɗakin ta rufe ƙofa. Sai Umma ta kalli silin, ta yi magana a hankali kamar mai ba da labarin wani.

"Wuta ce, Rahama. Kamar an kwantar da ni a kan garwashi. Tun azumi bai raba ba."

Kak Yati ta jingina wayar, ta kira wata mai shara suka taru suka mirgina ta da ƙyar, don Umma mai jiki ce. Ta ɗaye audugar. Ba zan kwatanta muku duka ba. Rami ne a ƙasan bayanta, gefensa baƙi, dunƙulen hannun Hanif zai shige. Dugaduganta biyu ma sun yi baƙi. Ban san na yi ihu ba sai da mai gadi ya taso.

Aka koma asibiti a ranar. Tanti kuma, gwajin hanci kuma, jira kuma. Tun azahar har bayan la'asar tana kan gadon turawa a kan ciwon nan, ina tsaye bayan igiya ina roƙon duk wanda ya wuce ya karkatar da ita gefe. Wani nas ɗan Malay ya tsaya ya saurare ni, ya nemo mata biyu suka sa mata filo. Allah ya saka masa, ko fuskarsa ban gani ba. Jikinta ya riga ya ɗau zazzaɓi.

Likitan ya ce gyambon kwanciya ne, mataki na uku, saura kaɗan ya taɓa ƙashi. Ya ce, "Duk awa biyu ake juya mai irin wannan lalurar. Duk awa biyu, ba fashi." Ya ce kuma jikinta ba ruwa. Daga baya Umma ta gaya min da gangan ta rage shan ruwa, don kada ta jiƙa a zo canza ta lokacin da namijin ne a bakin aiki.

Sau biyu suka shiga da ita suka yanke mataccen nama. Sati huɗu ta yi. Ba maganar tsayawa tsakanin ƙarafa, ko zama an hana. Ina gida ina duba kalanda, watanni ukun likitar nan suna tafiya ina kallo. Ƙafar da ta fara matsawa ta ƙage, gwiwar ta lanƙwashe.

Na koma gidan jinyar karɓar sauran kayanta, na ce a ba ni takardun gadonta. Ta ƙasan ƙofa Madam ta turo min. Ashe akwai layin juyawa, ba a taɓa turo min shi ba, ni ma ban taɓa nema ba. Satin farko da na biyu cike yake. Daga na uku sai gurabe, wuri bayan wuri an rubuta "ta ƙi". Na ce kun ga ciwon nan ai, tun da har kuna sa auduga. Ta ce sun ga ja sun sa magani, likitansu ba ya shigowa saboda kulle, ta waya ya ce a ci gaba da wankewa. Na ce me ya sa ba ku gaya min ba?

Ta ce, "Kullum muna tambayarta, tana cewa ba ciwo. Ke ma kin ce haka take nufi."

Na tsaya riƙe da takardun. Na san uzuri take kawowa, wanda ya ga ramin nan ba ya buƙatar a ce masa akwai ciwo. Amma kuma ba ƙarya ta yi min ba. Abban Hanif ya ce mu kai ƙara. Mu kai ina? Ofisoshi rabi a rufe, mu baƙi, bizar Umma ma ta ƙare muna lallaɓawa, ga jinya a gabanmu. Muka bari. Har yau ban san ko daidai muka yi ba, don akwai iyayen wasu a ciki.

Bayan kwana biyu saƙon murya ya shigo daga wata lamba. Kak Yati ce, tana magana ƙasa-ƙasa. Maƙwabciyata ta taya ni fassara. Ta ce tun sati na uku ita kaɗai ta rage a ɗakunan mata uku, sauran wasu an killace su wasu sun gudu. Ita kanta wata biyu ba ta taka waje ba, a ginin take kwana. Ba ta iya ɗaga Mak ita kaɗai, in kuma ta kira namijin sai Mak ta riƙe zani da hannu mai lafiyar tana hawaye tana a'a, a'a. Ta gaya wa Madam sau uku. An hana su yi wa iyali maganar jikin mara lafiya, kuma takardar aikinta tana hannunsu. Ta ce, "Ni na sa zanin. Ki yafe min, ban san wata hanya ba."

To ku gaya min, wannan matar zan tsine wa? Ita ke yi wa Umma alwala. Ita ke yanke mata farce, ta zauna ta karanta mata ƙulhuwallahu da irin karatunsu. Har yau Umma tana cewa, "Yarinyar nan tawa, kuna gaisawa kuwa?" Wuri ɗaya ne ya ba ni ita, ya kuma ba ni ramin nan. In aka ce na ba su taurari ban san nawa zan danna ba.

Da aka sallame ta an ɗan sassauta kulle. Gida muka kawo ta. Ɗalibai huɗu abokan Abban Hanif suka hau da ita a kan kujera har hawa na huɗu, ta rufe fuska da hijabi tun daga ƙasa har sama. Anti Binta ta haɗa matan ɗalibai, suka raba kwanaki, kullum da wadda za ta zo mu kama tare. Na sa ƙararrawa a waya duk awa biyu. Na koyi wankin ciwo. Wata huɗu kafin ramin ya cike. Waɗannan matan ba ni da abin biyan su, wata da cikinta take hawo benen nan.

Da aka samu jirgi ta koma Kano. Tana gidan Yaya Auwal yanzu, a keken guragu. An ci gaba da gashi a can, hannun ya ɗan dawo, ƙafar ba ta dawo ba. Yaya bai taɓa ce min "ai na faɗa miki" ba. Ko sau ɗaya. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Kwanaki wata 'yar gida da ke unguwar Bukit Jalil ta kira ni, babanta ne ya faɗi, an ce mata na san wuraren nan, wanne ne mai kyau? Na ce ban sani ba, wallahi ban sani ba. Abin da na sani, kada kifi da tayil su ɗauke miki hankali. Ki tambaye su yau ɗin nan mutum nawa ne a kan ɗakin da za a sa shi, ba wanda ke rubuce a takarda ba. Ki ce duk sati sai an nuna bayansa da dugadugansa, ki samu namiji ɗan'uwa ya dinga dubawa tun da uba ne. Ki nemi takardar juyawa. In za ki yi masa magana ki kori duk wanda yake jin nauyi. In abin da kike gani kullum fuska ce an gyara, to ba ki ga komai ba. Ta yi ta godiya. Ni kuwa na kashe wayar ina tunanin ko da na san duk wannan, ina bayan gilashi, ban da tabbacin zai ishe ni.

Shekaranjiya matar Yaya ta turo min saƙo a ɓoye, wai kwana biyu Umma ba ta cin abinci sosai, tana dafe gefen ciki in ta ga ba mai kallo, an tambaye ta ta ce ba komai. Na kira nan take. Na shirya tambayoyina tsaf: ina ne, tun yaushe, suka ne ko murɗa. Tana ɗauka bakina ya riga ni.

"Umma ina wuni, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Alhamdulillahi. Ina angon nawa?"

Ina nan, tana can, ga teku a tsakani. Don Allah ku da kuke jinyar iyaye daga nesa, wace tambaya kuke yi musu da take sa su faɗi inda yake musu ciwo?